Ku Tambayi Malama: Kofi, Cokali da Lissafin Kashi-Kashi

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan abu ɗaya suka taru, lissafin kashi-kashi, wato firakshan ɗin nan da ke sa yara kuka iyaye su rasa ta cewa, da kuma ko da gaske ne ana iya koyar da shi ta hanyar girki. Na zaɓo wasu daga ciki, wasu na ɗan rage musu tsawo saboda fili.

Tambaya: Assalamu alaikum Malama, dan Allah taimako nake nema. Ni malamar aji 4 ce a firamare, mun jima muna kan firakshan amma jiya na tambayi yaran wanne ya fi girma tsakanin 1/4 da 1/8, wallahi fiye da rabin ajin suka ce 1/8 wai ai takwas ta fi huɗu. Na ji ana cewa girki yana taimakawa to amma mu ba mu da obin ba mu da kicin a makaranta kuma yaran suna da yawa sosai, ta ina zan fara? — Malamar aji 4

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ki kwantar da hankalinki, yaranki lafiyarsu ƙalau. Tun suna aji ɗaya muke cusa musu cewa 8 ta fi 4, kuma gaskiya muka faɗa musu, yanzu rana tsaka mun ɗora 1 a saman kowacce mun ce labari ya canja, ai dole su riƙe abin da suka sani. Kuma ba ajinki kaɗai ba ne. A ƙarshen shekarun 1970 an yi wata jarrabawar ƙasa a Amurka, aka tambayi 'yan shekara 13 idan an haɗa 12/13 da 7/8 amsar ta fi kusa da wace lamba, 1 ko 2 ko 19 ko 21. Kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai suka ce 2, fiye da rabi suka zaɓi 19 ko 21, wato wasu sun tara lambobin sama wasu sun tara na ƙasa. Kinga yaron da ya ce 19 bai taɓa ganin 7/8 a matsayin kofin da saura kaɗan ya cika ba, shi dai lambobi biyu yake gani ɗaya a kan ɗaya da layi a tsakani.

Maganar obin ki manta da ita gaba ɗaya, abin da muke so daga girki awon ne, kuma awo ba ya buƙatar wuta. Ki samo robobin ruwa da ake hango abin da ke ciki, iri ɗaya, masu miƙaƙƙen jiki, ki yanke musu wuya. Ki samo wani ƙaramin murfi ko ƙaramin kofi, ko wane iri ne, ki cika shi da ruwa ko shinkafa ki juye a robar sau takwas, inda ya tsaya ki ja layi da maka ki rubuta 1. Shikenan kin samu kofinki, kuma murfin nan ya zama 1/8 ba tare da kin sayi komai ba. Sai ki ɗauki wata robar ki zuba murfi biyu ki yanke ta daidai nan, ga 1/4 ɗinki. Ki yi irin wannan saiti ɗaya ga kowane rukunin yara shida ko takwas.

Yanzu ga wajen da nake so ki fi kula. Ki fito da yara biyu, ɗaya ki ba shi ma'aunin 1/4 ɗaya ki ba shi na 1/8, amma ki ɓoye ma'aunan tukuna, ki rubuta lambobin kawai a allo ki ce kowa ya rubuta a littafinsa wa zai riga cika kofinsa. Su rubuta fa, ba ɗaga hannu ba, don in hannu ne kowa maƙocinsa zai kalla. Sannan a fara zubawa ajin yana ƙirgawa da ƙarfi. Mai 1/4 zai gama a huɗu, mai 1/8 yana rabi bai wuce ba. Kar ki yi saurin yin bayani, ki ce "me ya faru?" ki jira. Za ki ji wani daga baya ya ce ai nasa ƙarami ne shi ya sa sai ya zuba sau takwas. Wannan maganar ki rubuta ta a allo yadda ya faɗe ta, don ita ce duk abin da lambar ƙasa take nufi, sau nawa za a zuba kafin kofi ya cika, in ta yi yawa to ma'aunin ƙarami ne. Daga nan ki tambaye su 1/10 da 1/20 fa, ba tare da an zuba komai ba. In suka amsa wannan to darasi ya shiga.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne a zuba a zuba a yi dariya a jiƙa bene a tashi ba a rubuta komai ba. Duk zubin da aka yi a rubuta shi da lamba nan take, murfi biyu 2/8, ga shi ya zo daidai da 1/4, murfi huɗu 4/8, ga shi a layin rabi.

Tambaya: Anti Malama barka da aiki. Yarona yana aji 5, duk sanda aka ba shi 1/2 + 1/3 sai ya rubuta 2/5, na yi bayani na yi faɗa har na gaji, malamin lesin ɗinsa ma ya koya masa dokar ya haddace amma kwana biyu sai ya koma gidan jiya. Yana son shiga kicin yana tayani aiki, ko akwai yadda zan yi amfani da wannan? — Maman yaro

Amsa: Maman yaro sannu da ƙoƙari, amma faɗan ki ajiye shi haka nan. Dokar ba ta zama masa saboda shi a ransa 2/5 ba ta da wani aibu, 1 da 1 biyu, 2 da 3 biyar, to ina laifin? Sai ya ga aibunta da idonsa tukuna sannan zai nemi wata hanyar. Ki ba shi kofin awo mai layi-layi ya zuba madara ko ruwa zuwa rabi, ki ce yanzu za mu ƙara 1/3 a kai, ruwan zai hau ko zai sauka? Zai yi miki dariya ya ce hawa mana Mama. Ya ƙara, ya ga ya kusa kaiwa layin kofi ɗaya. Toh sai ku ɗauki wani kofin irinsa ku raba tsayin zuwa layin nan gida biyar ku cika biyu, ga 2/5 ɗinsa, ku ajiye su kusa da juna. Zai ga ko rabi ba ta kai ba. Ki ce masa kai da ka fara da rabi ka ƙara wani abu a kai, ya aka yi amsarka ta koma ƙasa da rabi? Ki yi shiru abinki, ko zuwa gobe ne ki bar shi da ita.

In ya dawo yana so ya san amsar gaskiya, ki ɗauko kwalin ƙwai mai cin dozin, guda 12. Rabin dozin nawa? Shida. Sulusin dozin fa, wato in an raba gida uku an ɗauki ɗaya? Huɗu. Ya jera shida a kwalin ya ƙara huɗu, goma kenan cikin 12, saura rami biyu babu komai. Ya rubuta 10/12. Sannan ki ce ya ƙirga ramukan bibbiyu, zai samu gida shida, biyar a cike, 5/6. An zaɓi 12 ne saboda tana rabuwa biyu, tana rabuwa uku, huɗu da shida duka ba saura, kuma dalilin da ya sa ake cewa sai lambobin ƙasa sun zama iri ɗaya kafin a tara kenan, rabi da sulusi girmansu ba ɗaya ba, ba za su ƙirgu tare ba sai an farfasa su sun koma gutsure iri ɗaya. In kika tambaye shi akwai lambar da ba ta kai 12 ba da za ta yi wannan aikin, ya gano shida da kansa, to ya gano abin da malamin lesin yake kira LCM, wato lamba mafi ƙanƙanta da lambobin ƙasan biyu za su raba ba saura.

Ku ci gaba da kwalin nan kwanaki. 1/4 da 1/3, ƙwai uku da huɗu, 7/12. Sai ki ba shi 2/3 da 1/2, takwas da shida, 14, kwali ya cika biyu sun rasa wurin zama, sai an ɗauko kwali na biyu. Nan zai ga yadda 14/12 take zama 1 da 2/12, wato 1 da 1/6, kuma ya daina tsoron firakshan ɗin da samansa ya fi ƙasansa. Abu ɗaya dai, kullum ki riƙa tambayarsa "rabin me?" Rabin dozin ƙwai shida ne, rabin kofi kuma wani abu ne daban, yaro in bai san mene ne cikakken ba zai ruɗe.

Tambaya: Salam Malama, ina koya wa ƙanwata lissafi a gida, na ba ta takardar haɗin kek na ce ta ninka komai biyu saboda baƙi za mu yi, wajen sukari an rubuta kofi 3/4 sai ta mayar da shi 6/8. Na san ba daidai ba ne amma na kasa yi mata bayanin dalili. Kuma dan Allah ki ba mu wani haɗi mai sauƙi da za mu riƙa gwaji da shi. — Yayar ɗaliba

Amsa: Ƙanwata, wannan kuskuren mai kyau ne, don ta yi abin da aka ce mata, an ce ninka komai ita kuma ta ninka sama ta ninka ƙasa. Ki ba ta ma'aunin 1/4 ta zuba sukari sau uku a kwano, ga 3/4. A wani kwanon ta zuba 1/8 sau shida, wanda shi ne babban cokali biyu-biyu sau shida. Ta duba, duka ɗaya ne, ba abin da ya ƙaru. Ta yawaita zubi amma ta rage girman ma'auni, sai suka cinye juna. In ninki ake so ma'auni yana nan yadda yake, zubin ne zai ƙaru, uku ya koma shida, 6/4, huɗu daga ciki sun cika kofi ɗaya saura biyu, kofi 1 da rabi.

Ga haɗin da za ku yi aiki da shi: fulawa kofi 1 da 1/2, sukari kofi 3/4, madara kofi 1/2, mai kofi 1/3, ƙwai 2, bekin fauda ƙaramin cokali 1 da 1/2, gishiri ƙaramin cokali 1/4. Ninki biyu ba zai ba ta wuya ba in ta gane na sama, fulawa 3, sukari 1 da 1/2, madara 1, mai 2/3, ƙwai 4, gishiri 1/2, bekin fauda kuma ƙaramin cokali 3, wanda shi ne babban cokali ɗaya cif.

Amma ni rage haɗin zuwa rabi ya fi burge ni, nan aikin yake. Rabin 3/4 nawa ne? Yawancin yara nan suke tsayawa cak, don uku ba ta rabuwa biyu. Kofi ɗaya babban cokali 16 ne, to 3/4 cokali 12 kenan, rabinsa shida, kuma tunda kowane cokali biyu 1/8 ne, shida sun zama 3/8. Ta rubuta 1/2 × 3/4 = 3/8 a ƙasan abin da ta auna, ki nuna mata cewa an yi "sau" amma amsa ta fito ƙasa da abin da aka fara da shi. Wannan yana girgiza yara sosai, sun saba duk sanda aka yi sau abu ƙaruwa yake, alhali a nan 1/2 × 3/4 ba komai yake nufi ba sai rabin 3/4. Man kuma ya fi wuya, rabin 1/3 shi ne 1/6, kuma da wuya ki samu ma'aunin 1/6 a saiti. Sai ku sauka zuwa ƙaramin cokali, guda 48 ne a kofi, a raba shida takwas kenan, wato babban cokali biyu da ƙarami biyu. In ta iya wannan da kanta ki ba ta na gaba, haɗi ɗaya da rabi: fulawa 2 da 1/4, sukari 1 da 1/8, madara 3/4, mai rabin kofi, ƙwai uku.

Wata dabara, ki ɓoye duk ma'aunan ki bar mata na 1/4 kaɗai ki ce ta auna fulawar da shi. Dole ta lissafa 1/4 nawa ne a 1 da 1/2, ta samu shida. Kuma ki gaya mata lokacin gashi ba ya bin wannan lissafin, don kin ninka haɗi ba za ki ninka mintoci ko zafin obin ba, kauri da faɗin farantin gashi ne suke yanke wannan, ku riƙa soka tsinke a tsakiya kuna dubawa.

Tambaya: Malama ina kwalejin horar da malamai, yanzu muna gwajin koyarwa. Wani yaro ya tambaye ni me ya sa in za a raba da firakshan ake juya na biyun a yi sau, kuma me ya sa 3 ÷ 1/4 ya ba da 12 alhali rabawa rage abu take yi. Gaskiya na ce masa haka dokar take, amma abin ya tsaya min a rai. — Malami mai koyo

Amsa: Malam, tunda abin ya tsaya maka a rai to za ka yi malanta mai kyau in sha Allah. Gobe ka koma ka ce wa yaron nan tambayarsa ce darasin yau. Matsalar daga yadda muke karanta alamar ne, mun saba da 12 ÷ 3 a matsayin a raba 12 ga mutum uku, to ya za a raba abu ga rubu'in mutum? Akwai karatu na biyu, uku nawa ne a cikin 12, kuma shi ne wanda mai girki ke yi kullum. Ka zo da shinkafa kofi uku a kwano da ma'aunin 1/4 ka ce sau nawa zan ɗiba kafin ta ƙare. Su yi hasashe su rubuta, sannan a ɗiba. Sha biyu. Kowane kofi yana ba da huɗu, kofi uku 3 × 4, kaga inda 4 ɗin ta hau sama. Amsa ta yi yawa ne saboda ma'aunin ƙarami ne, shinkafar dai tana nan kofi uku.

Sai ka canja ma'auni zuwa 3/4. Wannan ya ninka na farko sau uku, to ɗiban zai ragu sau uku, 12 a raba uku, huɗu. Ka duba abin da muka yi, mun yi sau 4 mun raba da 3, wato sau 4/3. Juyin kenan gaba ɗayansa, ba wani sirri a ciki.

Akwai guda ɗaya da nake so ka gwada kai kaɗai a ɗaki kafin ka kai aji, don tana kayar da manya ma. Kofi ɗaya na shinkafa, ma'auni 2/3. Ka ɗiba sau ɗaya, saura 1/3 na kofi a kwano. Yara za su ce amsa 1 da 1/3, doka kuma ta ce 1 × 3/2, wato 1 da 1/2. Wa ke da gaskiya? Ka juye ragowar a cikin ma'aunin 2/3 ɗin ka ɗaga kowa ya gani, ta tsaya a rabinsa daidai. Ragowar sulusin kofi ce amma rabin ma'auni ce, kuma tambayar da aka yi ma'auni nawa ne ba kofi nawa ba. Ka ba su lokaci su yi musu a kan wannan, ko da zai cinye darasin ranar duka, ni a wajena ba asara ba ce.

Tambaya: Malama ni uba ne, ina so in saya wa yarana kofunan awo, na ga wasu an rubuta 240 wasu 250, wanne ne na gaskiya? Kuma kofin shayi na gida ba zai yi ba? — Baban yara

Amsa: Baban yara duka na gaskiya ne. Kofin Amurka mililita 237 ne, ana cika shi a ce 240, na ƙasashe irin su Ostireliya da Niyu Zilan kuma 250. Ƙaramin cokali mililita 5, babba 15, sai dai a Ostireliya babban cokalinsu 20 ne, ƙanana huɗu kenan maimakon uku, to in takardar girkin daga can take a kula. Wajen koyon firakshan ba ruwanka da wanne ka saya, sharaɗin kawai duka su fito daga saiti ɗaya, don in rabin kofin na wannan ne rubu'in na wancan, yaro zai zuba rubu'i biyu ya ga bai zo daidai da rabi ba ya ɗauka lissafin ne ƙarya.

Kofin shayi zai yi a matsayin cikakken kofi, amma yawancinsu ƙasansu tsukakke ne samansu buɗaɗɗe, rabin tsayinsu bai kai rabin abin da suke ci ba, kar a ja layi a tsakiya a ce rabi ne. Sannan a koya wa yara share saman ma'auni da bayan wuƙa ko cokali, kar wani ya yi tozo wani ya bar rami. Wata malamar girki a Boston mai suna Fannie Farmer ce ta yaɗa wannan da littafinta na 1896. In akwai sikelin kicin a gidan ka nuna musu kofin fulawa wajen giram 120 zuwa 125 ne, na sukari kuma wajen 200, kofi ɗaya nauyi daban.

Tambaya: Malama ni shugaban makaranta ne, shekaruna da yawa a aikin nan. Malamaina matasa sun dame ni da wannan magana ta girki, ni kuwa gani nake wasa ne da ɓata lokaci da ɓarnar abinci, ranar jarrabawa ba wanda zai ba yaro kofi. Mu da allo da alli muka koya kuma mun iya. Ki faɗa min gaskiya. — Hedimasta

Amsa: Ranka ya daɗe, gaskiyar ita ce rabin maganarka ina tare da kai. Na ga darussan da aka shafe awa biyu ana kwaɓa fulawa, yara suka ci kek suka ji daɗi, washegari ka tambaye su 3/4 da 2/3 wanne ya fi su yi zuru. In haka malamanka za su yi ka hana su. Kuma kofi yana da iyaka, ba ma'aunin 7/13 a kicin ɗin kowa, ba za ka koyar da firakshan mai alamar ragi da madara ba, yaron da ya tsaya a kofi bai gama ba.

Inda muka rabu shi ne cewa mun koya da alli mun iya. Waɗanda suka iya su ne suka zama malamai da hedimastoci, sauran ajin fa? Da yawansu daga firakshan suka yanke ƙauna da lissafi har yau. A 2012 Robert Siegler, wanda a lokacin yake jami'ar Carnegie Mellon, da abokan aikinsa sun duba bayanan ɗalibai a Amurka da Birtaniya, suka samu cewa sanin firakshan da rabawa a firamare yana nuna yadda yaro zai yi a aljabara shekara biyar zuwa shida bayan nan, ko da an cire tasirin arzikin gidansu da ilimin iyayensu. To abin da ke da wannan nauyin bai kamata a bar shi ga hadda kaɗai ba. Tsarin da nake ba da shawara ba sabo ba ne, wani masanin yadda yara ke koyo mai suna Jerome Bruner ya yi bayaninsa a 1966, Singafo kuma ta gina lissafin firamarenta a kansa tun shekarun 1980: yaro ya fara taɓa abu da hannu, sannan ya zana shi, sannan ya rubuta shi da lamba zalla. Girki matakin farko ne kawai. Robar awon nan in ka kwantar da ita a allo ka zana layukanta, ta zama layin lamba daga 0 zuwa 1, kuma nan ake so a kai yaro, ya ga 3/4 lamba ce mai wurin zamanta tsakanin 0 da 1. Wannan layin zai iya zana shi a gefen takardar jarrabawa.

Haɗa firakshan da abinci ma ya girme mu duka. Takardar Rhind ta tsohuwar Masar, wadda wani magatakarda Ahmes ya kwafa wajen 1550 kafin Miladiyya, tana gidan tarihin Birtaniya a Landan yanzu, tambayoyinta na farko raba biredi ne ga mutum goma. Biredi 9 ga mutum 10, amsarsu kowa ya samu 2/3 da 1/5 da 1/30. Ka ba manyan ɗalibanka su tara su gani ko 9/10 za ta fito.

Shawarata ka ba su dama da sharaɗi. Kowane malami ya kawo maka tambayoyin da zai yi kafin a zuba komai, da aikin rubutu da yara za su yi a ƙarshe ba kofi a gabansu. Ruwa da busasshiyar shinkafa sun isa yawancin darussan, shinkafar a adana ta a sake amfani da ita, ba ɓarna. In za a yi girkin gaske sau ɗaya a zango ya wadatar, a wanke hannu, wuta da wuƙa a hannun babba, a tambayi iyaye ko akwai yaron da ƙwai ko madara ko alkama ko gyaɗa ke tayar wa da ciwo, kuma kar a bar su suna lasar ɗanyen kwaɓi don ɗanyen ƙwai da ɗanyar fulawa duka suna iya ɗauke da ƙwayoyin cuta. Maza da mata duka su auna, kar a mayar da shi aikin 'yan mata maza suna kallo.

Tambaya: Anti 'yata shekararta biyar, ta yi ƙanƙanta da wannan? — Sabuwar uwa

Amsa: Ba ta yi ba 'yar uwa, amma kar ki nuna mata lambar da aka ɗora a kan wata tukuna, wannan sai ta kai bakwai ko takwas. Yanzu abu ɗaya kawai take buƙata, ta san rabi sai ɓangarorin biyu sun zo daidai. Ki yanka biredi biyu ɗaya ya fi ɗaya ki ce ga rabinki ga nawa, za ta yi tsalle ta ce naki ya fi, sai ki ce to ashe ba rabi ba ne, ya za mu yi? Ki bar ta ta ɗora ɗaya a kan ɗaya ta gwada. In suna biyu da ɗan uwanta, ɗaya ya raba ɗayan ya fara zaɓa, za ki ga yadda mai rabawar zai natsu. In ta saba da biyu ku koma huɗu, a raba kowane rabi biyu, uku kuma ki bar shi zuwa gaba don ya fi wuyar yankawa daidai. Lokacin da kike girki ki ba ta ma'aunin rabin kofi ta zuba ruwa sau biyu a babban kofi tana ƙirgawa, minti biyar ya ishe ta, da kin ga hankalinta ya tafi wani wuri ki ƙyale ta.